RANAR GYARA: ABIN DA KE NA KOWA, WA ZAI GYARA SHI?

Jawabi a taron dattawa da wakilan ikkilisiyoyi

Kan maganar da aka ba mu shi ne gyara a cikin unguwa, wato yadda maƙwabta za su riƙa haɗuwa su gyara abin da ya lalace a tsakaninsu. Wani zai ga kamar ƙaramar magana ce a gaban manyan damuwoyin da ke kanmu. Muna roƙo ku yi haƙuri ku saurare mu har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Bari mu fara da abin da ya faru a unguwar da muke zaune. Muna da famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya a mararraba, gidaje da yawa ne ke shan ruwansa, Kirista da Musulmi. Wata rana a tsakiyar rani ya daina kawo ruwa. Aka yi ta tuƙi, sai ƙara kawai. Kowa ya ce ai hukuma ce ta haƙa, ita za ta zo ta gyara. Wata bakwai cur famfon nan yana tsaye. 'Ya'yanmu suna makara a makaranta saboda neman ruwa, iyayensu mata suna sayen jarka daga 'yan garuwa, waɗansu kuma suka koma shan ruwan wata tsohuwar rijiya marar murfi. Da aka gaji aka kira mai gyara, ya buɗe, sai ga shi wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Kuɗinta bai kai abin da gida ɗaya ke kashewa a kan ruwa cikin mako guda ba. Aikin kuwa bai kai awa biyu ba.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, a cikin watannin nan bakwai babu wanda ya bar babur ɗinsa a lalace. Wanda wayarsa ta fashe ya kai an gyara, wanda takalminsa ya tsinke ya kai wa shumeka. Mu da muke tsaye a gabanku muna cikin masu laifin, gama kullum muna wucewa ta gefen famfon nan a kan hanyarmu ta zuwa majami'a. Ga abin da muke so mu faɗa yau a taƙaice: mun iya gyaran abin mutum ɗaya, amma abin da ke na kowa yana mutuwa a hannunmu, domin ba mu sa masa rana ba, ba mu kuma ɗora shi a wuyan kowa ba.

1. Abin da aka yi a Amstadam

A ranar 18 ga Oktoba, 2009, wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta shirya wani taro a birnin Amstadam na ƙasar Holan. Ta gayyaci mutanen da suka iya gyara, ta kuma gayyaci maƙwabta su zo da duk abin da ya lalace a gidajensu: fanka, dutsen guga, rediyo, keke, kujera, riga mai yagewa, har da kayan wasan yara. Aka jera tebura da kayan aiki, aka dafa shayi da kofi. Ta sa wa taron suna Repair Café, wato wurin shan shayi da gyara. A shekara ta 2010 ta kafa gidauniya domin taimakon duk unguwar da ke son yin irinsa. Yau akwai dubban irin waɗannan wurare a ƙasashe da dama. Tun shekara ta 2017 ma aka keɓe Asabar ta uku ga watan Oktoba ta zama ranar gyara ta duniya.

Dalilinta shi ne, a ƙasashen Turai masu gyara sun yi ƙaranci, kuɗin gyara kuma yakan fi kuɗin sabon kaya, saboda haka abu kaɗan ya sami tukunyar lantarki sai a jefar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekara ta 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Akwai ƙa'idodi huɗu a tsarin nasu da suka ja hankalinmu. Na ɗaya, akwai tsayayyar rana da tsayayyen wuri, kowa ya san su. Na biyu, ba a ajiye kaya a tafi. Mai kaya yakan zauna kusa da mai gyara, ya riƙe masa tocila, ya ga yadda ake kwancewa da ɗaurawa, domin gobe ya iya da kansa. Na uku, aikin kyauta ne, amma idan ana bukatar sabon ƙarfe ko waya, mai kaya ne zai saya. Na huɗu, ana rubuta kowane abu da aka kawo, da abin da ya same shi, da ko ya gyaru ko bai gyaru ba.

2. Ba duka za mu kwafa ba

Dole mu yi hankali a nan. Ciwon mutanen Holan dabam ne da namu. Mu ba mu rasa masu gyara ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya san abin da hannun mutanenmu ke iya yi da tsohon ƙarfe. A kowace unguwa akwai makanike, da mai faci, da mai walda, da tela, da kafinta, da mai gyaran waya. Da yawansu suna zaune a kujerun majami'unmu, da wannan sana'a suke ciyar da iyali. Idan muka buɗe wurin gyaran kaya kyauta kowane wata, abincinsu za mu taɓa. Wannan ba taimako ba ne.

Saboda haka abin da za mu ɗauka daga wurinsu shi ne tsarin: rana tsayayya, koyo ta wurin kallo da taɓawa, da rubutawa. Amma inda za mu kai ƙarfinmu shi ne kan abin da ba shi da mai shi guda ɗaya: famfo, kwata, kwalbati, bola, ramin kan hanya, rufin ajin makarantar firamare da iska ta yaye. Gyaran kayan gida kyauta kuwa sai mu keɓe shi ga gwauraye, da tsofaffi, da marasa ƙarfi, waɗanda da ma ba za su iya biyan mai gyara ba.

3. Abin da muka gada

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Dattawan da ke nan sun san aikin gayya. Idan noma ya fi ƙarfin mutum, yakan gayyaci 'yan'uwa, a dama kunu, a tuƙa tuwo, makaɗa su zo, kafin la'asar an gama gonar da za ta ci masa mako biyu. Haka ake yi wajen ɗaga jinka, da yaɓe, da share hanyar rafi, da yashe rijiya. Daga nan ne aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauye kowa ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kowa kuma ya san ranar tasa gayyar tana zuwa. Da muka shigo gari muka zauna a gidajen haya tare da mutanen da ba mu san iyayensu ba, sai wannan igiya ta kwance, ba mu kuwa ɗaura wata a madadinta ba.

Hukuma ta gwada nata. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a tsakiyar shekarun 1980 muka san ranar tsabtace muhalli, Asabar ta ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga da safe. Ta yi amfani gwargwado. Amma mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun mai da ita ranar ramuwar barci, muna jiran ƙarfe goma ta yi mu fita. Abin da aka yi don tsoron duba-gari yakan ƙare ranar da duba-gari ya daina zuwa.

A ƙasar Ruwanda suna da irin wannan rana, suna kiranta Umuganda. Ita ma Asabar ta ƙarshen wata ce, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, doka kuma ta wajabta ta a kan masu shekara 18 zuwa 65. Abin koyi a nasu shi ne, idan an gama aiki ba a watsewa nan take. Akan zauna tare da shugabannin unguwa a tattauna abin da ke damun jama'a, a kuma tsai da aikin wata mai zuwa. Wannan zaman na bayan aiki shi ne abin da tsabtace muhallinmu ta rasa.

Mun kuma san labarin gyaran garun Urushalima a littafin Nehemiya. Sura ta uku jerin sunaye ce kawai, wa ya gyara daga ina zuwa ina. Da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu. Akwai firistoci a ciki, da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da 'yan kasuwa, da 'yan mata tare da mahaifinsu. An kuma rubuta manyan wani gari da suka ƙi sa hannu. Aka gama cikin kwana 52. Darasin tsari ne: an yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, kowane gunki da sunan mai shi.

4. Abubuwa biyar da ke damun kowace unguwa

Na fari, ruwa. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Sau da yawa abin da ya kashe su ƙarami ne, kamar yadda ya faru da namu. Ya kamata kowace unguwa ta san irin famfonta. Akwai wanda ake kira Afridev, an ƙera shi ne musamman domin mutanen gari su iya zaro sandunan ciki su canja robobi da sifana ɗaya, ba sai an ɗaga bututu ba. Robobin nan ana so a canja su aƙalla sau ɗaya a shekara, tun ba su cinye ba. Akwai kuma India Mark II, wanda bututunsa na ƙarfe ne mai nauyi. Shi kam sai wanda aka horar da kayan ɗagawa, gama idan bututu ya suɓuce ya faɗa rami, an yi asarar rijiya gaba ɗaya. Amma ko shi ma, sa man giris a sarƙarsa da ɗaure notuna kowane wata aikin yaro ne. A kuma duba daɓen simintin da ke kewaye: idan ya tsage, ƙazamin ruwa zai koma ciki. Masai kuwa ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare.

Na biyu, kwata. Lokacin yashe kwata shi ne watan Afirilu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara daga ƙasa inda ruwa ke fita, a yi sama, in ba haka ba ruwan da aka saki zai taru a ƙofar wani. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu kwashe laka da leda mu tara a bakin kwata mu tafi. Ruwan farko zai mai da su inda suka fito. Kada a fara aiki sai an san baro nawa ake da shi da inda za a kai abin da aka kwashe.

Game da sauro, akwai abin da ya kamata mu gane. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa biyu. Wato sharar wata-wata kaɗai ba za ta yanke shi ba. Dole kowane gida ya duba kwantaccen ruwa kowane mako. Sauron da ke kawo zazzaɓi kuma ya fi son ruwan da ya kwanta a rana, kamar ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da sawun tayar mota, da kududdufi, fiye da baƙin ruwan kwata. Don haka cike ramuka yana cikin aikin. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Mu da muke zuwa gaisuwar asibiti da jana'izar ƙananan yara mun san fuskokin da ke bayan wannan lissafi.

Na uku, bola. Kowace unguwa tana da kangon da ya zama juji ba da shawarar kowa ba. Mutum ɗaya ya fara zubawa da dare, saura suka bi. Ƙona ta ba magani ba ne, gama hayaƙin leda da taya da tsohon batir guba ne ga ƙirji, musamman na yara da tsofaffi. A ware ƙarfe da roba da gwangwani a ba 'yan gwangwan, su da ma nema suke. Ragowar abinci da ganye su zama taki. Abin da ya rage sai a yi magana da ƙaramar hukuma ko masu kwasa a tsai da wuri ɗaya da rana ɗaya.

Na huɗu, wutar lantarki. A nan gargaɗi ne za mu yi. Ranar gyara ba ta haɗa da hawa turken wuta ko taɓa taransifoma ba, ko da akwai wanda ya ce ya iya. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha bayyana cewa gyaran taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Aikinmu shi ne mu rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, mu kai, mu riƙe kwafi mai hatimi, mu kuma riƙa bibiya. Haka nan wajen gyaran kayan gida, tsohuwar talabijin da makamantanta sukan riƙe wuta a ciki ko bayan an zare su daga soket. Wanda bai koya ba kada ya buɗe.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye, muna kuma roƙon dattawa su karɓe shi da zuciya ɗaya. A waɗansu unguwanni, mu ne abin da ke damun maƙwabta. Lasifikarmu ta kwanan addu'a tana kai wa asuba, alhali a gidan da ke jikin katangarmu akwai marar lafiya ko ɗalibi mai jarrabawa. Ranar Lahadi motoci da baburanmu sukan toshe ƙofar mutane. Ruwan harabarmu yana gangarawa gidan wani. Janaretanmu yana tura hayaƙi tagar wani. Idan maƙwabci ya zo da kuka, sau da yawa mukan ce ƙiyayya ce kawai. Wani lokaci haka ne, mun sani, mun kuma ɗanɗana. Amma wani lokaci gaskiya ya faɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kafin mu fita gyaran unguwa, bari mu zagaya katangarmu ta waje mu ga abin da maƙwabci ke gani.

5. Dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a gare mu

'Yan'uwa, yawancinmu muna zaune a wuraren da ba mu da yawa. Mun san yadda ƙaramar magana ke girma a irin wurarenmu. Yara biyu sun yi faɗa a layin famfo, ko ruwan wanka ya shiga zauren wani, kafin yamma an daina cewa wane da wane, an koma cewa su da mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwatar da ba a yashe ba da famfon da ya mutu suna cikin tsagar bangon nan.

Mun halarci tarurrukan zaman lafiya da yawa a manyan ɗakuna, muna kuma girmama masu shirya su. Amma a can shugabanni ne ke haɗuwa. A bakin kwata kuwa magidanta ne da samari, waɗanda su ne ke kusa da juna ranar da hankali ya tashi. Ranar da aka gyara famfonmu, wani dattijo Musulmi da muka yi shekaru muna gaisawa daga nesa shi ya riƙe ɗaya gefen sandar, muka riƙe ɗaya. A ranar muka san sunayen 'ya'yansa. Ba mu ce wannan zai hana kowace fitina ba. Mun dai ce ya fi wuya a gaskata jita-jita a kan mutumin da aka yi gumi tare da shi.

6. Yadda za a fara

Ga shawarar da muke kawowa, kowace ikkilisiya ta duba abin da ya dace da wurinta.

(a) A fara da mai unguwa. Dattawa biyu ko uku su je su gaishe shi, su gaya masa abin da ke ransu, su roƙe shi ya kira taron. A kai wa limamin unguwa gaisuwa, da shugaban matasa, da shugabar mata. Gara kiran ya fito daga bakin mai unguwa, aikin ya zama na unguwa. Kada a kafa allo da sunan ikkilisiya a kan abin da aka gyara.

(b) A zagaya da littafi. Mutum huɗu ko biyar daga ɓangarori dabam-dabam su bi layi-layi su rubuta duk abin da ya lalace. A raba shi kashi uku: wanda za mu iya da hannunmu, wanda ke bukatar ƙwararre, da wanda sai hukuma.

(c) A zaɓi abu ɗaya da za a iya gamawa cikin awa uku. Idan aikin farko ya tsaya a rabi, ba za a zo na biyu ba.

(d) A tsai da rana. Asabar da safe ta fi dacewa, gama ba ta taɓa Juma'a ko Lahadi ba. A kauce wa ranar kasuwa, a kuma lura da watan azumi da lokutan bukukuwa na kowane ɓangare. Muna ba da shawarar manyan ranaku biyu a shekara, ɗaya kafin damina, ɗaya a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, sa'an nan ƙaramin aiki kowane wata.

(e) Kowane abu da mai kula da shi. Famfo ya sami mutum biyu da aka sani da suna, mace da namiji in zai yiwu, gama mata ne ke fara jin canjin ƙararsa. Kwata kuwa kowane gida da tsawon katangarsa, mai haya ne ko mai gida.

(f) Kuɗi a fili. Ƙaramin karo-karo na wata-wata ya fi babban tari ranar da abu ya lalace. Ma'aji dabam, mai rubutu dabam, kada kuma su fito daga gida ɗaya ko wurin sujada ɗaya. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, da rasit. Yawancin ƙungiyoyin unguwa da muka ga sun mutu, zargin kuɗi ne ya kashe su.

(g) A biya mai sana'a. Idan birkila ko falamba ya ba da ranarsa kyauta, mun gode. Amma kada a mai da shi dole. A sa samari biyu su tsaya kusa da shi su koya.

(h) A kula da lafiya: takalmin roba, safar hannu, sabulu da ruwan wanke hannu. Kada yara su shiga kwata. Wanda ƙusa ko gwangwani ya yanka a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafi.

(i) A zauna bayan aiki. Ko kunu ne da ƙosai, a sha tare. A ba kowa dama ya faɗi abin da ke damunsa, a rubuta, a tsai da aikin gaba kafin a tashi.

7. Tambayoyin da za a yi mana

Wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yafe mata ba. Shi ya sa muka ce a ware kashi na uku. Unguwar da ta je wurin kansila da littafi, ta nuna abin da ta yi da hannunta da abin da ya fi ƙarfinta, maganarta ta fi nauyi a kan wadda ta je da kuka kaɗai. Kuma yayin da muke jira, 'ya'yanmu ne ke shan ruwan rijiya marar murfi.

Wani zai ce, za a yi zaton wata manufa muke da ita a ɓoye. Mai yiwuwa ne a fari. Maganinsa shi ne mu zo da shebur, mu yi aikin da aka kira mu, mu bar mai unguwa ya yi jagora, mu kuma sake dawowa wata mai zuwa. Zato ba ya jure maimaici.

Wani kuma zai ce, waɗansu ba za su fito ba, amma za su sha ruwan. Haka ne, za a samu. Kada a hana su ruwa, kada kuma a kira sunansu a taro. Mai unguwa ya san yadda zai yi musu magana. Idan muka ce sai kowa ya fito za mu fara, famfon zai ƙara wata bakwai.

Kammalawa

Muna roƙon kowane wakili, idan ya koma gida, ya sa wannan magana a ajandar zaman dattawa na gaba. Kafin taronmu mai zuwa, kowace ikkilisiya ta yi abu uku: ta zagaya katangarta ta gyara abin da ke damun maƙwabta, ta kai wa mai unguwa gaisuwa da wannan shawara, ta kuma kawo mana rahoton abu ɗaya na jama'a da aka gyara, da wanda aka ɗora wa kula da shi. Wanda ya gwada bai yi nasara ba, shi ma ya zo ya faɗa mana dalili, domin mu koya.

Famfon unguwarmu yana aiki har yau. Akwai robobi biyu na ajiya a hannun wata uwa da ke zaune daura da shi, akwai kuma littafi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma kai kowa gidansa lafiya. Amin.